Ganyen Goron Kakata

Har yau idan na buɗe huhun goro, ƙamshin ɗanyen ganye ne ke fara kai ni zauren kakata a unguwarmu ta New Bell. Goro take sayarwa, kuma goro ba ya kwana lafiya sai an naɗe shi da wani faffaɗan ganye mai sanyi, wanda ba ya fitowa sai a inuwar kurmi.

Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Basa ce ke kawo mana shi a jirgin ƙasa. Ba ta jin Hausa, kakata ba ta jin Basa, sai su haɗu a Pijin, suna ciniki suna dariya.

Wata damina sai tsohuwar ta zo da kwando ba komai a ciki.

"Mami, ina ganyena?" in ji kakata.

"Hajiya, sun sare itatuwan. Rana ta shigo, ganye ya ƙone."

Goronmu ya yi ta bushewa a makon nan. Kakata, wadda ba ta taɓa wuce unguwar Bonaberi da ke gefen gari ba, ta ɗaura gyale ta ce sai ta gani da idonta, ta kama hannuna muka bi tsohuwar. Ka san mu 'yan birni, gungumen katako kawai muka sani, a bayan manyan motoci masu zuwa tashar jirgin ruwa. Ranar na ga inda itatuwan suke tsayuwa. Bayan filin da aka share akwai sauran kurmi a bakin rafi, duhu da sanyi kamar cikin randa. Kakata ta cire takalmi kafin ta shiga.

Na yi yawo bayan haka. Na ga goro cikin leda a Kano da Abijan da Jidda, yana gumi yana ruɓewa. Da na dawo na ji za a sayar da sauran kurmin, sai na nemi jikokin tsohuwar. Mu jikokin masu goro da su muka kafa ƙungiya, dagacinsu ya bar mana bakin rafin mu kula da shi.

Yanzu duk hutun makaranta muna cika mota da yaran unguwa. Suna ƙorafin sauro, suna tambaya da Faransanci ko akwai maciji. Bana jikata ta tsinko ganye ɗaya, ta naɗe goron da ke jakata.

"Kaka, taɓa ki ji," ta ce. "Sanyi gare shi."