Littafin da Hambali Ya Yanka

A Rasha na yi karatu, kuma ko a can na ga matasa suna hamma idan aka ambaci tsofaffin littattafan labarinsu, masu kauri kamar bulo. Na dawo gida ina shakkar ko akwai sauran mai haƙurin karanta su. Da wannan shakkar na je Doha ta ƙasar Qatar ziyarar yayata, a benen da take haya a unguwar Al-Sadd kuma na haɗu da Hambali.

Hambali shi ne mai gadin benen, mutumin Funtuwa, dogo, ba ya son hayaniya. Ya yi difloma a Larabci, koyarwa ba ta riƙe shi ba, sai ya biyo ayarin masu neman aiki. Aikinsa zama ne a bakin ƙofa tun safe har la'asar, ga shi kamfani ya hana taɓa waya a bakin aiki. Wata rana wani malami ɗan Sudan da zai tashi daga benen ya bar kwalin littattafai kusa da shara. A ciki Hambali ya tsinci fassarar Larabci ta wani tsohon labarin Rasha.

Littafin ya fi ƙarfin aljihun kakinsa. Sai ya sa reza ya yanka shi kashi-kashi, kamar yadda yakan ga mahaifinsa ya zari 'yan warƙoƙi daga gafaka ya tafi da su zauren malam. Sunayen mutanen ciki suna karya harshe, kowa da suna har uku, don haka ya raɗa musu nasa. Akwai Likita, akwai Gwaggo Mai Kuka, akwai wani shashasha da ya kira Ɗan Gayu. Bai taɓa ganin dusar ƙanƙara tana sauka ba, amma ya san mutumin da ke zaune nesa da gida yana yi wa kansa shari'a. Damuwarsa ɗaya ce: ba wanda zai gaya wa.

Sai ga Sunusi, abokinsa tun makaranta, wanda yake tuƙi a wani gida a unguwar Aziziya. Ya ga takardun sun leƙo daga aljihu.

"Malam, laya ka fara rubutawa? Ba ni in ɗanɗana, mu direbobi jira ne rabin aikinmu."

Daga nan ta zama musu al'ada. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sukan zauna a shagon shayi a unguwar Bin Mahmud, Hambali ya miƙa kashin da ya gama, ya karɓi na baya, a buɗe gardama. Sunusi kullum yana bayan Ɗan Gayu.

"Wallahi ya fi Likitanka. Shi dai ya san abin da yake so."

"Ɓarawon zuciya ne, Direba. Irinku ne."

Hambali ya rage saurin karatunsa don kada ya bar abokinsa a baya. Da aka yi masa tayin komawa wani otal mai sauƙin aiki, ya ƙi, saboda can ba a hutun Juma'a. Da suka kusa gamawa kuwa, ya danne zuciyarsa bai buɗe kashin ƙarshe ba. Niyyarsa su karanta shi tare, a bayyane, wannan ya ja shafi wancan ya karɓa.

Ranar Juma'ar ya zo da shi a aljihu. Kafin ya fito da shi, gardama ta yi zafi, Sunusi ya kaɗa hannu ya ce, "Kai dai wahalar banza kake yi da Likitan nan, mutumin da zai tsere ya bar garin ana tsakiyar annoba!"

Hambali ya dafa aljihunsa. Takardun suna nan, ba wanda ya taɓa su.

"A ina ka gani?"

Sunusi ya yi dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya sosa ƙeya. Ashe ko kashin farko bai gama ba. Duk mako wayarsa yake tambaya a cikin mota, ta taƙaita masa labarin, ya zo da shi da ɗumi. A wannan karon ta zarce ta ba shi har ƙarshe.

"Haba Malam! Mutum ya tsaya a taga yana tunani har shafi nawa? Wa ke da wannan lokacin? Na ga kana jin daɗin hirar ne, shi ya sa. Ai duk labarin ɗaya ne. Maza, sha shayinka."

Sai a lokacin Hambali ya tuna yadda takardun suke dawo masa fes, ba lanƙwasa, ba tabon shayi. Har yabon Sunusi ya sha yi kan iya riƙon littafi. Bai ɗaga murya ba. Ya tashi, ya ce a gai da gida.

Har yanzu suna gaisawa a masallaci. Sunusi ya yi ta aiko da saƙo, yana cewa abin bai kai ya kawo ba, abokai ma sun sa baki. Hambali bai sake zama a shagon ba.

Na tambayi Hambali ko daga baya ya karanta kashin ƙarshen.

"Na karanta," in ji shi. "Gaskiya ne, Likita ya tafi. Amma da ka ga yadda ya tafi, da ba ka ce ya tsere ba. Na rufe takardar, na ɗauko waya zan kira Sunusi in gaya masa, sai na tuna."