Kunamar Bindigar Mahaifina

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, limami ne a ƙauyenmu, kuma yana da bindiga. Ba maharbi ba ne. Ban taɓa ganin ya shigo gida da ko zabuwar daji ba. Aikin bindigar guda ne tak. A wancan zamanin babu rediyo a ƙauye sai a gidan dagaci, ita ma yawancin shekara babu batir a cikinta. Saboda haka idan aka tabbatar da ganin watan azumi ko na Sallah, mahaifina kan ɗura albarushi, ya tura tsumma, ya hau tudun bayan masallaci, ya ɗaga bakinta sama ya harba. Da wannan ƙarar rugage da ƙauyukan kewaye suke ɗaukar azumi, da ita kuma suke ajiye shi.

Da ya rasu, ƙannena suka zaɓi gonaki da littattafai. Ni na ɗauki bindigar. Na yi mata lasisi tun ina sifeton makarantu, na kuma zo da ita gidana na Tarauni, inda take rataye a bayan ƙofar ɗakin karatuna.

Abokan hirata na majalisar mai jarida a Gyadi-Gyadi sun sha kawo mini dalilan da za su sa mai addini ya ajiye makami. Wani ya ce kare iyali wajibi ne, wani ya ce zamani ya lalace. Ban musa musu ba, amma ba dalilina ke nan ba. Bindigar toka ce. Kafin in gama ɗura ta, ɓarawo ya kwashe kayan falo ya dawo ɗaukar labule. Ni dai na ajiye ta ne domin ta yi wa addini hidima fiye da wasu mutane da na sani, kuma ba a yar da irin wannan ma'aikaci don ya yi ritaya. Duk yammacin da ake duban wata nakan sauko da ita, in shafe ta da man keken ɗinki, in hau saman bene, in ɗaga ta sama kamar yadda mahaifina yake yi. Ba na harbawa. Sanarwa ta rediyo take zuwa yanzu, ni kuwa mutum ne mai bin doka.

Maƙwabcina na katanga ɗaya mutumin Filato ne, Kirista, tsohon malamin lissafi. Matarsa nas ce a asibitin koyarwa. Ina kiransa Malam, yana kirana Alhaji. Kullum bayan la'asar mukan zauna a bencin ƙofar gidana mu yi gardama kan lalacewar ilimi, batun da muka yi ittifaki a kansa tun farko, amma hakan bai hana mu gardamar ba. A shekaruna, samun wanda zai saurare ka har ƙarshen jimla ba ƙaramin abu ba ne.

Wata shekara azumi ya faɗo daidai lokacin zaɓe mai zafi, gari ya cika da jita-jita. Yammacin duban watan Sallah na hau bene da bindigata kamar kullum, cikin farar babbar riga, na ɗaga ta, na yi addu'ar ganin wata, na sauko. Abin da ban lissafa ba shi ne, a shekarar ce aka sare darbejiyar da ta raba gidajenmu.

Washegari bayan mun dawo daga Idi, Hajiya, wato mai ɗakina, ta ɗauki tuwon Sallah da kanta ta nufi gidan Malam, domin ita ba ta aika musu, kai musu take yi. Ta dawo da kwanon a rufe kamar yadda ta fita da shi.

"Ƙofarsu da kwaɗo," in ji ta. "Na kira matarsa a waya. Suna Sabon Gari, gidan yayanta."

"Ziyara suka je?"

"Da akwatuna? Ta gan ka jiya a sama, Alhaji. Da rawaninka da bindigarka, kana fuskantar gidansu."

Na bayyana mata cewa yamma nake fuskanta, kuma ba ni na ajiye gidansu a yamma ba. Ta ce in je in faɗa musu haka, ita kam ba za ta ci tuwon gida biyu ba.

Na shiga adaidaita sahu da kayan Sallata, da kwanon a kan cinyata. Malam ya karɓe ni a baranda. Bai ce in shiga ciki ba, abin da bai taɓa yi mini ba. Na ba shi labarin mahaifina da tudun bayan masallaci, tiryan-tiryan, kamar ina gabatar da rahoto. Ya saurara har ƙarshe.

"Alhaji," ya ce, "ni na yarda. Amma duk zaman da muka yi a bencin nan, ka ba ni labarin kowane hedimasta da ka taɓa kamawa yana barci. Bindiga ce kaɗai ta ɓace maka?"

"Ba ka tambaya ba, Malam."

"Yaya ake tambayar wannan? Ina kwana, Alhaji, ya iyali, akwai bindiga?"

Daga nan ya gaya mini abin da shi ma bai taɓa gaya mini ba. A garinsu matar, lokacin da aka yi rikici, wanda ya nuna wa mahara gidansu maƙwabci ne, kuma har gobe tana tuna kalar rigarsa. Ta ce ba za ta sake kwana kusa da bindigar wani ba, ko ta waliyyi ce. Har sun fara cigiyar gidan haya.

Rabuwa da bindigar ba ta cikin lissafina. Rabuwa da bencin ma haka.

Bindigar toka tana da wani ƙarfe lanƙwasasshe da ake ja baya, shi ne yake saran wuta idan an harba. Kunama ake ce masa. Idan babu shi, abin da ya rage sanda ce mai rami. Na koma gida, na sa sukundireba na kwance kunamar, na naɗe ta a hankici, na sake shiga adaidaita. A wannan karon na nemi a kira mini matar. Na miƙa mata da hannu biyu, na ce daga yau rabin bindigar yana gidana, rabi yana gidanta, kuma ba za su haɗu ba sai da izininta.

Ta juya ƙarfen a tafin hannunta, ta dube ni.

"Baba, wannan ai ya yi tsatsa."

"Tsufa ne, ba tsatsa ba."

"A wurin aikinmu duk sunansu ɗaya," in ji ta. Ta jefa shi cikin jakarta. Sannan ta tambaya ko miyar taushe ce a kwanon da na kawo ɗazu.

Sun dawo kafin a gama yawon Sallah. Har yau ban ɗauki hawa benen nan kuskure ba. Wanda ya sare darbejiya shi ya kamata a tuhuma.

Yanzu duk yammacin duban wata Malam yakan ƙwanƙwasa ƙofata da hankicin a aljihu. Mu ɗaura kunamar, mu hau bene tare a hankali, saboda gwiwoyinmu sa'annin juna ne. Ni in ɗaga bindiga, shi ya riƙe mini tabarau. Matarsa tana tsakar gidanta tana kallonmu, hannu a ƙugu. Tun da aka yi masa aikin ido yakan riga ni ganin watan, kuma ba ya barin in manta da haka. Idan mun sauko in kwance kunamar, ya naɗe, ya tafi da ita. Bara na ce ya bar ta ta yi kwana ɗaya a jikin bindigar, albarkacin Sallah. Ya ce zai tambayo. Bai dawo da amsa ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba.