Katin da Yaya Ya Sayo Mini

Har yau in na tuna katin nan sai raina ya ɓaci. Ina da ɗan shago a unguwar Tishigu ta Tamale inda nake haɗa bidiyon biki da suna da jana'iza, kuma Linux, tsarin nan na kyauta, shi ne a kan kwamfutata, don ba na hulɗa da manhajar sata. Da katin hotonta, mai fito da hoto a allo, ya ƙone, sai na bincika da kyau. A Linux ba girman kati ake dubawa ba, direbansa ake dubawa, wato 'yar manhajar da ke sa kati ya ji maganar kwamfuta. Na zaɓi wani maras kwalliya wanda direbansa a buɗe yake, yana cikin tsarin tun asali, ka soka kawai ka ci gaba da aiki.

Yayana, wanda ya riƙe mu tun rasuwar Baba, zai je Kumasi saro kaya, sai na roƙe shi ya taho mini da shi. Na nuna masa hoton kwalin har ya ce na ishe shi.

Ya dawo da wani daban! Ƙato, mai fanka uku da fitilu kamar motar amarya. Kuma bai kawo shago ba. Sai da ya tara Mma, mahaifiyarmu, da maƙwabta a tsakar gidanmu na Zogbeli bayan la'asar, ya ce ya ɗaga katunan biyu a hannu, wanda na zaɓa ba nauyi, na wasan yara ne, shi kuwa ƙanwarsa ta fi ƙarfin wannan. Mma ta ɗora hannu a kwalin ta sa albarka, kowa ya shafa. A gidanmu kyautar da aka shafa wa fatiha ba a mayar da ita, wanda ya mayar kamar ya mari mai bayarwa ne a bainar jama'a. Na ce na gode, zuciyata tana tafasa.

Na sa shi. Allo ya yi baƙi ƙirin. Direbansa a kulle yake, sai ka nemo, ka lallaɓa, ya tashi yau, gobe tsarin ya sabunta kansa ya sake mutuwa. Fitilun dai ba su taɓa fashi ba, tsinannu. Ga wata malamar makaranta, Kirista daga kudu, tana jiran bidiyon jana'izar mahaifiyarta da za ta nuna a cocin garinsu. Kullum tana bakin ƙofata. "Sista, ni ya gaji fa," in ji ta da guntuwar Hausarta. "Mama na ne a ciki."

Na sami Yaya a rumfarsa, na gaishe shi yadda ya kamata, na ce katin ba ya shiri da kwamfutata.

"Ke matsalarki taurin kai," in ji shi. "Cire wannan Linux ɗin na kyauta, ki sa irin na kowa."

"Haba Yaya! Ka sayo takalmi bai shige ni ba, sai ka ce in yanke ƙafa?"

"Ni kike faɗa wa haka? To, ki taɓa shi ki gani."

Na taɓa shi kuwa. Na kai wa wani mai shagon wasannin kwamfuta a unguwar Kukuo, ya karɓa yana rawar jiki, ya samo mini wanda nake so tun farko. Na soka, ya tashi ba gardama. Malamar ta karɓi bidiyonta ta kama motar kudu.

Amma Tamale ba ta da sirri. Wani ɗan gulma ya kai Yaya har shagon wasannin, ya ga katinsa yana walƙiya 'yan wasa sun kewaye shi. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Gaisuwata ce ya koma amsawa da ka. Na ji haushi, na kuma ji ciwo, don ni ban ga laifina ba.

Da auren 'yarsa ta fari ya zo, yarinyar da na goya a bayan nan nawa, na goge kyamarata na shirya. Ina shiga gidan na tarar da wani baƙo yana kafa tasa kyamarar a tsakar gida. Yaya ya dube ni, ya nuna mini bencin 'yan gayya.

"Zauna can," ya ce. "Na ɗauko mai jin magana."