Gahawar da Ta Dahu Ranar Farkon Azumi

Cikin duk ranakun da na yi ina aiki a gidan Injiniya a Jega, ranar farkon azumin bara ce ba ta fita raina ba. Ina ba ku labarin ne ku da kuka fara aikin gidaje kwanan nan, don irin kayan nan sun fara yawa.

Aikina shara da wanke-wanke da kula da kicin, ɗiyata Nana tana goye. Injiniya malamin lantarki ne, ya haɗa fitilun gidan da fankoki da wayarsa ta hannu. Wata Asabar ya zauna a kicin da sukudireba ya ce saura injin dafa gahawa. Ya nuna mini wani ɗan allo kamar kwalin ashana, ya ce ƙwaƙwalwar ke nan, ita ke riƙe lokaci, tana kuma jin umarni daga waya. Kusa da ita akwai ɗan akwati shuɗi, rile, makunni ne da ba ya jiran hannun mutum. In ƙwaƙwalwar ta ce masa buɗe, sai ka ji ƙas, wuta ta shiga injin.

Abin da na fara tambaya shi ne ko Nana za ta iya kai hannu. Ya rufe komai cikin roba, ya kafe can sama da bango. Nawa aikin ɗaya ne: kullum kafin in tashi da yamma in zuba ruwa da garin gahawa. Da safe injin ya dafa da kansa.

Ranar da ake duban wata na zuba kamar kullum na tafi gida. Aka ce an ga wata. Muka yi sahur, ban ko tuna da inji ba.

Da safe ina shiga ta ƙofar baya, ƙamshi ya tare ni. Ina tsaye riƙe da butar cike da gahawa mai tururi, ina tunanin inda zan kai ta, sai ga Hajiya Inno, mahaifiyar Injiniya, wadda ta zo daga Maiyama a makon nan don ta yi azumi a wajensa. Shi kuma ya yi sammakon Birnin Kebbi.

“Ke ɗiyar nan, mi kid dahwa?”

Na durƙusa na ce, “Hajiya, wallahi ba ni ba ce. Shi ya kunna kansa.”

“Shi wa? Aljanin kicin? Ko shayarwa kike, ai ana ɓoyewa. Ba a cika gidan mutane da ƙamshi ranar hwarin azumi. Kwashe kayanki.”

Ina azumi, amma wa zai yarda? Aikin nan kaɗai ne aka yarda in zo da goyo, kuma dangin mijina na garin Giwa Tazo sun san Hajiya. Kafin azahar labarin zai kai can.

Na kira Injiniya a waya, na ƙara murya don Hajiya ta ji. Yana jin bayani ya ce, “Innalillahi, na manta ban sauya lokaci ba! Inna, tsaya kusa da injin. Ke kuma Hassi, matsa baya, ki ɗaga hannuwa.”

Na koma bakin ƙofa. Shiru. Sai ƙas! Jar fitilar injin ta kama. Hajiya ta yi baya har carbinta ya faɗi, tana a'uziyya. Daga wayarsa ya kashe, ya sake kunnawa, ya sake kashewa.

Ta karɓi wayar. “Kai Umaru, duk karatun ga naka, ba ka gaya ma abin ga an ga wata ba?”

“Inna, ai ba ya jin rediyo.”

“To ka koya mai. Ka sa na kusa ɗaukar alhakin ɗiyar mutane da azumi a bakina.”

Ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Kwance Nana ta yi daga bayana, ta goya ta da mayafinta, ta ce in je in yi sharata. Har na gama aikin ranar ba ta sauke ta ba.

Da Injiniya ya dawo, Hajiya ce ta sa ya mai da lokacin gab da magariba. Ta ce tunda abin yana iya tsayawa shi kaɗai, babu dalilin da zan kai yamma a gidansu. Watan azumin duka da la'asar nake tashi, in sha ruwa a ɗakina.

Abin da na koya shi ne, irin wannan inji ba ya mantuwa, amma bai san abin da gari yake ciki ba. In za a ga wata, ko maigida zai yi tafiya, ku tambaya kafin ku zuba ruwa. In kuma ya yi abinsa aka ganku tsaye kusa da shi, kada ku ɓata baki da rantsuwa. Ku ja baya, ku ce a kunna shi a gaban kowa.