Wankan Tumakin Kawu

Da muka fito daga Khartoum a shekarar da yaƙi ya tashi, kowa ya ɗauki abin da zuciyarsa ba za ta iya bari ba. Ni na kwashi takarduna na koyarwa, matata ta ɗaure 'yan zobbanta a bakin zane. Inna, mahaifiyata, mage ta ɗauka. Ta saka ta cikin kwandon cefane, ta rufe da mayafi, ta rungume a cinya tun daga tasha har Gadarif. Na yi ta faɗa a hanya, ina cewa mutane sun bar gidaje da motoci, ita kuma ta tsaya jigilar kyanwa. Ko kallona ba ta yi ba. Tun rasuwar Baba magen nan ce abokiyar hirarta. Tare suke karyawa, kuma duk ranar da magen ba ta ci ba, Inna ma sai ta ture kwano.

Ni dai ban taɓa ƙaunar dabbar ba, amma aljihuna ya san ta. Akwai wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a unguwarmu ta da, suna da wani tsari da suke kira ta'amin, inshora ke nan. Ka biya sau ɗaya a shekara, dubawa da rigakafi kyauta, magani rabin kuɗi. Shekara huɗu ina biya daga albashina ina ƙunƙuni, magen kuwa ko atishawa ba ta taɓa yi ba. Har kati suka ba ta mai hotonta, alhali ni mai biyan kuɗin ba ni da katin asibiti mai hoto.

A Gadarif gidan Kawu muka sauka, ƙanin Inna. Manomi ne, yana da gonar dawa da riɗi ta hanyar Mafaza, a gida kuma tumaki da jaki da wani tsohon kare. Ya ba mu bukka biyu, bai taɓa ɓata fuska ba ko sau ɗaya. Wallahi da ya ɓata da ya fi mini sauƙi. Ga ni ƙato da gemu, albashi ya tsaya, ina naɗe kisira, gurasar dawa da matarsa ke yi, sau uku a rana, in na ce na gode ya ce in rufe masa baki. Kullum kaina a sunkuye nake ci.

Damina ta sauka, baƙar lakar garin nan ta kama ƙafar kowa, ƙuma kuma ta kama gidan. Magen Inna da ta saba kwanciya kan tayil ita ta fi shan wahala. Ta yi ta susa har gashin wuyanta ya zube, ta rame, ta daina kallon abinci. Kwana uku Inna ba ta sa komai a bakinta ba sai shayi.

"Kai," ta ce da ni, don ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. "Je ka wurin baitari ka tambayo mini. Ka tafi da katinta."

Na tafi da katin, da kuma sauran kuɗin zoben da matata ta sayar. Farfajiyar asibitin baitari, wato na dabbobi, cike take da makiyaya, wani da saniya mai kumburin hantsa, wani da raƙumi durƙushe yana ruri. Na miƙa katin ta taga ga mai sayar da tikiti. Ya juya shi, ya kalli hoton, ya kalle ni.

"Ya ustaz, wannan fa?"

"Ta'amin ne."

"Na kadisa?" Haka ake ce wa mage da Larabcinmu. Ya ɗaga katin sama don na bayana su gani. "Nan ta'amin na shanu ne da gonar riɗi, shi ma sai mai hali. Asibitin da ya ba ka wannan yana nan ma kuwa?"

Ba ya nan. An ce ko ƙofofinsa ba a bari ba. Wani dattijon makiyayi ya tambaye ni, tsakaninsa da Allah, ko nonon magen ake tatsa a Khartoum. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Sannan mai tikiti ya faɗi kuɗin ganin likita kawai, ban da magani. Kuɗin ya isa sukari da man girki na mako guda a gidan Kawu. Na tsaya riƙe da kuɗin, ina hango likitar ta ƙofa, wata matashiya mai farar riga, hannunta cikin bakin ɗan maraƙi. Taku biyar ne tsakanina da ita. Na mayar da kuɗina aljihu, na nufi kasuwa.

Na sayi sukari da mai da ganyen shayi da buhun gawayi ƙarami. Da na shiga gida da ledoji a hannu biyu, matar Kawu ta ce, "Ya salam, ustaz, har da wahala haka?" Ranar ce kaɗai tun zuwanmu na ci abincin rana kaina a ɗage. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Inna tana jirana a bakin bukka. "Me aka ce?"

Dama tun da safe Kawu ya faɗa mini jibi zai yi wa tumaki wanka. Amsa a shirye take a bakina, kamar an ajiye mini ita.

"Ta ce ƙuma ce kawai, Inna. A haɗa ta da wankan tumaki, shi ke nan."

"Likitar ce ta faɗa?"

"Ita da bakinta."

Wankan tumakin Kawu yana da ƙa'ida. Yakan sayo maganin kaska da ƙuma a shagon kayan dabbobi, a auna masa a 'yar kwalba ba takarda ba komai, ya zuba murfi biyu a rabin durom na ruwa har ya yi fari kamar madara. Ranar wanka ba ya tsallake dabba ko ɗaya a gidan, don a cewarsa in ka bar ɗaya ka bar wa ƙuma masauki, bayan mako ta dawo kan kowa. Tumaki, jaki, har karen, kowa sai ya sha ruwan nan. Shekara da shekaru haka yake yi, haka ubansa ya yi, kuma ba abin da ya taɓa mutuwa. Magen gida ce dai ba su taɓa ajiyewa ba. Magunan garin na kan katanga ne, ba mai kama su balle ya wanke.

Da hantsi aka gama da tumaki. Kawu ya share hannu, ya ce, "Yaya, kawo baƙuwar tamu. Abin da ya kwana gidana nawa ne, ba zan yi wa nawa in bar naki ba."

Inna da kanta ta miƙo ta, tana lallashinta. Ni na riƙe ƙafafun. Ta yage ni a hannu, na ƙara matsewa, har ina tsokanarta wai 'yar birni ba ta son wankan ƙauye. Kawu ya cuɗa ta sosai, wuya da ciki da bayan kunne, ya fi yi mata a tsanake fiye da tumakinsa, saboda ta yayarsa ce.

Kafin azahar ta fara rawar jiki. Kunnuwanta na karkarwa, yawu na dalala, in ta miƙe sai ta kife. Inna ta ƙwala mini kira da wata murya da ban ji irinta ba ko ranar da harsashi ya fasa tagarmu. Na naɗe magen a tawul, na tare raksha, a-daidaita-sahun can, ban ko yi ciniki ba. A tagar nan na biya tikitin da na ƙi biya shekaranjiya. Na biya allura, na biya ƙarin ruwa, na biya wani magani da sai da aka aika kasuwa nemansa. Kuɗina bai kai ba, matata ta biyo ni da zobe na biyu.

Likitar ta sunsuna gashin magen, ta ɗago kai.

"Wa ya sa mata maganin tumaki?"

"Mu ne."

"Ustaz, wannan guba ne ga kadisa. Jikinta ba ya iya fitar da shi, ko kaɗan ne." Tana magana tana wanke ta da sabulu, ba ta ɗaga murya ba. "Ni ma daga Khartoum na gudo, maguna ne na fi dubawa a can. Da ka shigo ka tambaye ni, da na ce maka ruwan ɗumi da sabulu da mataji, ka shanya shimfiɗarta a rana. Ko magani ba sai ka saya ba."

Na so a ce ta zage ni. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta zauna kan magen tana barin masu shanu suna ƙorafi a waje. Ana kiran la'asar dabbar ta miƙe ƙafafu, ta daina motsi.

Na binne ta bayan garken tumaki. Kawu ya tsaya gefe, tsoho mai furfura, yana murza hula a hannu yana maimaita, "Ma'alesh, yi haƙuri, Yaya. Wallahi alheri na nufa." Inna ta ce masa ba laifinsa, shi abin da aka ce ya yi. Sannan ta juyo gare ni.

"Wadda ka kai mata yau, ita ce ta ce a yi wankan?"

Kawu na kallona, matata na kallona. Na ce, "Ita ce."

Inna ta koma cin abinci bayan makonni, kaɗan-kaɗan, amma hira ta ƙare mata. Takan zauna a bakin bukka ta yini. Sai bayan sallar azahar ne nake jin muryarta a sarari, in ta ɗaga hannu. Takan roƙa wa Baba gafara, ta roƙa wa Kawu albarkar gona, ta roƙa mini buɗi. Daga nan sai ta kai ƙarar likitar nan gaban Allah, yarinyar da ba ta taɓa gani ba, ta ce ta karɓi kuɗin ɗanta sau biyu ta kashe mata 'yar abokiyar zamanta, ita ba ta yafe ba. In ta shafa sai ta waiwayo inda nake zaune, tana jira.

Ni kuma in ce amin.