Gawon da Ya Rage wa Masallacin Gilashin Yaya Hamisu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Hamisu. Na so in rubuta irin waiwayen da aka saba, a yabi mamaci a yi masa addu'a a tashi. Na kasa, domin raina a dagule yake, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yaya mai zanen gine-gine ne. Aiki ya taɓa kai shi ƙasar waje, a can wani abokin aikinsa Kirista ya ja shi ganin wani ƙaramin coci a tsakiyar daji, bangonsa duk na gilashi. Da ya dawo Daura sai da muka ƙosa da labarin. Ya ce mutum yana zaune a ciki amma daji bai tsaya a bakin ƙofa ba, ganye na motsi a kanka, tsuntsu na wucewa ta gefen kafaɗarka. “Binta,” in ji shi, “mu da aka ce mu dubi halitta mu tuna Mahalicci, don me muke toshe kanmu da bulo in za mu yi sallah?”

Na yi masa dariya, na ce a zafin Daura gilashi ai sai dai a gasa gurasa. Bai kula ni ba. A gonarsa ta gado da ke hanyar Kongolam ya zaɓi wani gurbi tsakanin manyan gawo, ya kafa ɗan masallaci mai cin sahu biyu, da ginshiƙan ƙarfe sirara, bango kuwa gilashi. Dabararsa a bishiyoyin take. Gawo da rani yake cika ganye, daidai lokacin da rana take neman ran mutum, ya lulluɓe ginin da inuwa. Ranar da na fara shiga na haɗiye dariyata, gani ya kori ji. Na ɗaga kai daga sujada na ga tumaki suna tsintar 'ya'yan gawo dab da ni, sanyi na ratsa ni, na rasa dalilin da hawaye ya zubo mini.

Manoma da makiyaya da masu wucewa kan babur suka mai da wurin nasu. Kafin ya rasu, Yaya ya tara shaidu ya ce ɗakin wakafi ne, sadaka mai gudana. Ɗakin kawai ya ambata. Bai kawo a ransa cewa sai ya ambaci bishiyoyin ba, don a wurinsa su da ginin abu ɗaya ne. Da aka zo rabon gado, gona da duk abin da ya tsiro a cikinta suka faɗa hannun magada.

Yanzu gari ya taso ya cim ma gonar. Babban ɗansa, Nura, ya yanka ta filaye, kuma ban ce ya yi haramun ba, hakkinsa ne, ga iyali a wuyansa. Amma mai sayen fili ba ya son gawo a tsakiyar falonsa. Masu injin yanka suka riƙa zuwa, ana kwashe itacen a mota, har ya rage guda ɗaya tal ta yamma.

Makon jiya na je da azahar. Na tura ƙofa, wani huci ya buge ni kamar an buɗe tukunya. Tabarmin sun ƙone sun yi fari. A waje na tarar da wasu makiyaya biyu da suka daɗe suna sallah a wurin, sun shimfiɗa rawani a gindin gawon. Babbansu ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, ciki ba ya shiguwa sai la'asar, in inuwar nan ta faɗo masa.” Wato sallah ɗaya ta rage wa Yaya a yini, ita ma albarkacin bishiya guda.

Da zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Mai yawan barkwanci ne, wataƙila ya ce to Binta, ga tandun gurasarki ya samu. Ni dai na san ladan da ya yi wa kansa tanadi yana tsinkewa a gaban idona, shi kuma ba shi da bakin magana.

Na samu Nura a gida, na ajiye girma na roƙe shi kada a sare gawon. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Gwaggo, wallahi na riga na ba da filin. Abin da zan iya, a bar gawon har ruwan farko. In ƙasa ta yi laushi za su tone shi da saiwarsa.” Na je wurin malamai, kowa ya tausaya mini, ya kuma ce shari'a tana tare da yaron.

Me zai saura na Yaya ke nan? 'Ya'yansa na nan, addu'armu ba ta yanke ba, ginin ma zai tsaya yana ƙyalli ba mai shiga. Ruwa ya yi jinkiri bana, iri na jira a ɗaki, dabbobi sun rame. Jiya gari ya fita roƙon ruwa, ni ma na bi mata na tsaya a baya. Ni 'yar manomi ce, na san abin da fari yake yi wa gida. Liman ya ɗaga hannu, jama'a suka amsa da amin, na buɗe baki, Allah Ya yafe mini, amin ɗin ta ƙi fita.