Baƙin Layin Kawu

Jiya na wuce shagon wani mai fenti a unguwar Maamobi, warin kananzir ya bugi hancina. Sai ga Kawu a idona, zaune a barandarsa ta Nima da ƙananan jiragen saman da yake sassaƙawa.

Shi ba ya farawa da fari. Siririn buroshi yake ɗauka, ya ja baƙin layi duk inda fiffike ya haɗu da jiki, da bakin ƙofa da tagogi. In ya bushe, ya bi da farin fenti mai ruwa-ruwa, baƙin yana leƙowa daga ƙasa kamar inuwa. Sai ka rantse jirgin ya sha tafiya.

Ni ne ɗan ƙanwarsa, amma Nii, ɗan maƙwabcinmu, shi yake koya wa. Wata Juma'a na kawo nawa jirgin, na lafta masa fari har yana ƙyalli. Kawu ya jujjuya shi, ya ce, "Ka binne baƙin, ɗana. Wannan bai taɓa tashi ba." Ya miƙa wa Nii buroshi, ya dafa kafaɗarsa. Ni bai taɓa dafa ni haka ba.

Da ya rasu, Nii aka ba akwatin fentin. Yanzu na yi furfura, muna gaisawa faram-faram, amma abin yana nan, duk farin da na shafa bai rufe shi ba.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. In mun haɗu, ni za ka fara miƙa wa buroshin.